Dubiyar da Na Kai a Badun

Ƙas! Ƙarar maɓallin rediyo ke nan, lokacin da yayana Sule ya danna kaset a tsakar gidan Innarmu a Yako, wata Laraba bayan la'asar. Daga wannan 'yar ƙarar komai ya faro. Tun da na dawo, matan unguwa da ƙawayena na makarantar 'yan mata suke damuna da tambaya: "Binta, yaya Badun? Me kika gano mana?" Nakan ce ruwan sama da barkono, mu yi dariya, in shige ɗaki. Na gaji da ba da rabin amsa. Ga ta nan cikakkiya, duk da ba ni ce na fito da kyau a cikinta ba.

Muryar autarmu Rakiya ce a kaset ɗin. Kaset ta aiko maimakon wasiƙa saboda Inna ba ta karatun boko, kuma ta fi son ta ji da kunnenta. Bayan doguwar gaisuwa ta ce cikinta ya shiga wata tara, amma ba za ta samu zuwa gida haihuwa da wanka ba, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Tana roƙon a tura mata ni.

Inna ta ce, "Wannan wane irin karatu ne da ba ya barin mace ta zo gida wanka?"

Ga yadda na fahimci karatun. Rakiya ta yi digiri a ilimin halayyar ɗan Adam, sannan ta bi mijinta Ibadan, wato Badun, inda take yin na biyu. Shekara ɗaya a aji, shekara ɗaya a asibitin masu taɓin hankali, tana zama da marasa lafiya tana saurarensu, wata babbar malama tana duba aikinta. In shekarar ta cika malamar ta sa mata hannu, sai a yi mata rajista, ta samu izinin duba mutane da kanta. In babu wannan sa hannun, digirin biyu takarda ce kawai a akwati. Kuma in ta yi dogon fashi, shekarar ta tashi.

"Ba allura, ba ƙwaya, sai hira?" in ji Inna. "To ai ni ma na iya."

Ni ban yi dariya ba, don ina da abin da nake ɓoyewa. Shekara biyu duk wadda ta tambaye ni me Rakiya take karantawa, sai in ce aikin asibiti, ɓangaren mata. Ina tsoron a ce 'yar gidanmu da mahaukata take yini. Na san bakin unguwa, in kalma ta manne wa gida ba ta fita.

Maigidana ya ba ni izini, tun da Yaya Sule ne zai kai ni. Shi fataucin wake yake yi zuwa can, hanyar ta zame masa kamar ta gona. Na ɗauki Kuluwa, ƙaramar 'yata mai shekara shida, na bar manyan wurin Inna. Kayanmu kuwa sai da acaɓa uku suka kai su Kwanar Ɗangora, inda za mu hau mota: gero, kanwa, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, da gwangwanin yajin jego da Inna ta kwana biyu tana dakawa.

Kwandasta ya dubi kayan ya ce, "Hajiya, ƙaura ce?"

Yaya Sule ya ce, "A'a, kasuwar Yako aka mayar Badun, ita ce wakiliya."

A Kaduna muka sake mota. Maƙwabciyata a kujera wata Bayarabiya ce 'yar kasuwa, Iya Mulika, mai Hausa kamar a Fagge aka haife ta. Kafin Birnin Gwari ta san sunayen 'ya'yana duka, ta san Inna na fama da gwiwa, ta kuma ɗora Kuluwa a cinyarta. Ni ma na san nata. Haka muke, mu da su, ba ma iya zama kusa da mutum ba mu buɗe masa ciki ba. A lokacin ban san wannan halin ne zai ja mini ba.

Bayan Tegina aka tsayar da mu a shinge. Wani ɗan sanda ya zaro gwangwanin Inna ya girgiza, ya ce mene ne. Na ce yaji. Bai yarda ba, ya ɓalle murfin ya kai hanci. Atishawa bakwai na ƙirga kafin abokin aikinsa ya karɓi bindigar ya riƙe masa. Ya ɗaga mana hannu mu tafi, idonsa na zubar da ruwa. Iya Mulika ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Motar ta lalace a Mokwa, dole muka kwana a gidan wata Banufiya mai saukar da matafiya. Da safe Kuluwa ta tashi fuska duk cizon sauro, matar ta shafa mata man kaɗanya, ta ba mu kunu da ƙosai. Da hantsi muka hau gadar Jebba. Babu fasfo, babu kwastan, amma kowa a motar ya san iyaka ce. Na leƙa kogin Kwara sau ɗaya na runtse ido ina salati. Yaya Sule ya ce, "To Binta, daga nan Hausarki ta zama baƙuwa, sai ki zaro Turancin da aka biya miki."

A Ilori aka kawo mana amala. Na matsa kusa da shi na ce, "Yaya, tuwon nan ya ƙone." Ya ce haka Allah ya yi shi. Miyar kamar lalo ce, sai dai barkonon da ke samanta ya sa na tuna ɗan sandan Tegina, na nemi gafarar dariyar da na yi masa.

Badun gari ne na rufin kwano mai tsatsa, tudu bayan tudu, ba ka ganin ƙarshensa. Abin da ya fara ba ni mamaki gaisuwarsu ce. Saurayi da wandonsa mai guga zai kwanta rub da ciki a gaban tsoho, budurwa ta zube gwiwa biyu a bakin titi. Mu ma muna durƙusawa, amma a cikin gida. Na ce wa Kuluwa, "Kin ga, ko ƙasar ba sa dubawa." Har da 'yar dariyata.

Kwana tara da zuwana Rakiya ta sauka, mace. Na hura wuta a bayan gida, na dafa ruwa da ganyen darbejiya. Matar mai gidan da suke haya, Mama Tunde, ta ga tururi ta ɗora hannu a ka ta ce dafa Rakiya zan yi. Ita ma Rakiya ta sa na surka ruwan, ta ce in rage kanwa a kunu, wai yawanta na kumbura zuciya. Na rage, ina gunaguni. Sati uku kacal ta koma asibiti. Mace ko arba'in ba ta yi ba! Sai muka tsara: kullum da azahar in goya jaririyar in kai mata ta ba ta nono. Nakan jira ta a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, kusa da inda marasa lafiya suke zama kafin a kira su.

Ranar farko a tsorace na je. Na zaci zan ga mutane a ɗaure da mari suna ihu. Sai na ga mutane zaune a benci da katinsu a hannu, wani da jarida, wata da carbi. Da a tasha na gan su ba zan ce komai ba.

Ranar wata Talata na ji wata mace ta yi wa mijinta magana a hankali, da Hausar da ba ta Hausawan Badun ba ce, ta wajenmu ce. Na waiga. Na san fuskar. Na san mahaifiyarta, mun sha haɗuwa a biki. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi garinsu ba, kuma na sauya abin da za a gane ta da shi. Ta rame ƙwarai. Tausayi ya kama ni, na tashi da goyona na ce, "Ikon Allah! Ke ce a nan? Sannu, yaya jiki?" Ta ja mayafi ta rufe fuska. Mijin ya amsa a taƙaice ya juya kai. Na ɗauka kunya ce irin ta ƙanana. Can na hango ta ta shiga ɗakin da Rakiya take zama.

Da muka koma gida na ce, "Rakiya, ashe 'yar wance ke kike duba ta?"

Ta ajiye kofin kunu. "Yaya, ba zan ce miki ina duba ta ba, ba zan ce ba na duba ta ba. Wanda kika gani a wurin nan ba ki gan shi ba. Don Allah kar ki sake yi mini maganar."

Na ji haushi. A raina na ce boko ya daskarar da yarinyar nan. 'Yar gida tana ciwo a baƙon gari, ba uwa ba dangi, a ce ba a gan ta ba? A wurinmu wanda ya ji ciwonka bai zo dubiya ba, shi ake zagi. Kuma lada ce. Da wannan na lallashi kaina.

Ranar Juma'a na tuƙa tuwon masara miyar kuka, na dama kunun tsamiya, na ce wa Rakiya za mu Sabo gaida mutanen gida. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Sabo ita ce unguwar Hausawa a can, kuma Yaya Sule ya san gidan. Ya tsaya a waje wurin maza, ni da Kuluwa muka shiga. Gida ne babba. Uwar mijin tana zaune a tabarma tana tsinke zogale, matan 'ya'yanta uku suna aiki a tsakar gida. Aka yi mini maraba kamar an ga 'yar uwa.

Na ce, "Dubiya na zo, Hajiya. Na ga 'yar tamu a asibitin da ƙanwata take aiki."

Tsohuwar ta ce, "Allah sarki. Asibitin mata, wurin ƙarin jini ko?"

Nan ya kamata in yi shiru. Amma sai wani alfahari ya taso mini, ni da na shekara biyu ina ɓoye aikin Rakiya. Na faɗi sunan asibitin. Na ƙara da cewa, "Ai ina jin ƙanwar tawa ce ma take duba ta."

Taɓaryar da ake daka da ita ta tsaya. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Wai asibitin mahaukata?" Sai na ga labulen wani ɗaki ya motsa, ya koma ya tsaya. Tsohuwar ta ce, "An gode, Allah ya ba da lada," da muryar da ake sallamar mai talla. Ba wanda ya buɗe kwanon tuwona.

A ƙofar gida mijin ya tare mu, an riga an kai masa labari. Bai ɗaga murya ba saboda Yaya Sule. Ya ce, "Baiwar Allah, tun da yaronmu ya rasu ta daina ci, ta daina magana. Wata huɗu ina kai ta a ɓoye, ina ce wa gida ƙarin jini ne. Sai watan nan ta fara cin abinci. Me muka yi miki?"

A mota Yaya Sule, mai zolayar nan, ya juya mini ƙeya har muka isa gida.

Ban gaya wa Rakiya ba. Wannan ma yana cikin abin da nake jin kunyarsa. Kwana huɗu ina dafa mata ruwa ina kallon ƙasa. Ranar Talata ta dawo tun kafin azahar, ta zauna a bakin gado da jakarta a kafaɗa.

"Yaya, gidan wa kika je a Sabo?"

Na faɗa mata.

"An kai ƙarata. An ce na kwashe sirrin mara lafiya na ba 'yan gidanmu. A aikinmu babu laifin da ya kai wannan. Malamata ta ce in zauna a gida sai an bincika." Ta dubi jaririyar. "In ba ta sa hannu ba, shi ke nan. Na ƙi zuwa gida wanka, na ɓata wa Inna rai, duk a banza."

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta ce, "Na roƙe ki fa, Yaya."

Washegari na sa mijinta ya kai ni wurin malamar. Dattijuwa ce Bayarabiya mai furfura da tabarau, kowa Mama Dakta yake ce mata. Ina shiga ofishin, ban san lokacin da na zube gwiwa biyu a kan siminti ba, irin durƙuson da na yi wa 'yan matansu dariya. Ko ƙasar ban duba ba. Na tattaro Turancin sakandare, wanda ya shekara goma sha biyar a ajiye, na faɗa mata komai.

Ta ce, "Ƙanwarki ce ta gaya miki?"

"A'a. Hana ni ma ta yi."

"To me ya kai ki?"

Na ce a garinmu in ka ga mara lafiya ba ka je dubiya ba, kai ne marar kirki.

Ta cire tabarau. Ta ce su ma haka suke, ita ma sai da ta koyi kama bakinta a gaban uwarta. Ta ce mutum yakan zo wurinsu da abin da bai iya faɗa wa ko matashin kansa ba, kuma abin da kawai suke ba shi tun farko shi ne alkawarin ba zai ji shi a waje ba. In wannan ya karye, ba su da wani magani a kabad. Ta ce ta yarda Rakiya ba ta yi magana ba, amma ta yi sakaci da ta bar 'yar uwarta tana zama inda marasa lafiya suke jira. Za ta dawo aiki, sa hannu kuwa sai ta ƙara wata uku.

"Tashi," in ji ta. "Ba ni kika yi wa laifi ba."

Na gane. Sai da Yaya Sule ya yi sawu biyu kafin mijin ya yarda in koma gidan. Na tafi da Kuluwa, ba tuwo ba kunu. Na durƙusa gaban tsohuwar, matan nan suna ji, na ce ƙanwata ba ta taɓa gaya mini komai ba, ni ce mai dogon baki. Sannan na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce lokacin da ɗana na biyu ya rasu, wata biyar na yi ina kwance ina kallon bango. Aka ce iska ce, aka yi ta turare da rubutu. An yi mini addu'a, Allah ya saka, amma ba wanda ya zauna ya ce, Binta, me kike ji? Na ce da a lokacin akwai irin ɗakin da ƙanwata take zama, da rarrafe zan je.

Tsohuwar ta ce, "Ni huɗu na binne. Ban je asibiti ba."

Na ce, "Haka ne, Hajiya."

Ta ci gaba da tsinke ganyenta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni ma ba wanda ya tambaye ni." Ta nuna ɗakin da haɓa. "Shiga."

Mara lafiyar tana zaune a kan sallaya. Na nemi gafara, kuka ya hana ni ƙarasawa. Ita ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na yafe miki, don na san alheri kika nufa. Amma yanzu in na fito tsakar gida shiru ake yi. Wannan ba za ki iya ɗauke mini ba." Ta jawo Kuluwa ta gyara mata ɗankwali. "Abu ɗaya nake roƙo. Mahaifiyata ba ta sani ba. In kin koma gida ki ba da labarin kuskurenki in kina so, ko wata za ta kiyaye. Amma sunana da garinmu amana ne a wurinki."

Na ce na ɗauka.

Daga ranar, ta ƙofar baya nake kai jaririya, in zauna a ɗakin masu jinya. Ban sake ganin bencin nan ba. Ko ta koma asibitin? Ban sani ba. Ranar da zan taho na kasa daurewa na tambayi Rakiya. Ta dube ni kawai ta yi murmushi, ta ce, "Yaya, kin manta gwangwanin Inna." Ban ji haushi ba wannan karon.

Dawowa ba abin da ya faru, sai Kuluwa da ta yi amai a Tegina. Bayan wata huɗu Yaya Sule ya kawo wani kaset. Mama Dakta ta sa hannu. 'Yan ajinsu sun riga ta da wata uku, kuma ni na jawo mata, amma an yi mata rajista. Inna ta yi guɗa da gwiwarta mai ciwo, ta ce, "To, hirar ta zama aiki."

Yanzu in an tambaye ni aikin Rakiya nakan faɗa yadda yake: a asibitin masu taɓin hankali take, tana sauraren mutane. Wasu sukan taɓe baki. Ina gani, ina kuma tuna nawa bakin.

Makon jiya muna ɓarar gyaɗa a tsakar gidana, ni da maƙwabta, na ba su labarin nan kamar yadda na rubuta shi. Ladi, aminiyata tun muna 'yan mata, ta matso ta rage murya.

"Ke Binta, mu ai ba bare ba ne. 'Yar ina ce? Tudun Wada ko Doguwa? Don mu sa ta a addu'a."

Wallahi addu'ar nan ta kusa kayar da ni. Na ji tausayin nan na ranar Talata ya taso, iri ɗaya sak, har na buɗe baki. Sai na ji an ja gefen zanena. Kuluwa ce, da ɓawon gyaɗa a hannunta, tana kallona.

"Umma," in ji ta, "ai kin ce kin ɗauka."